Blu-ray mai Netflix a ciki: kafin ka zuba kuɗinka, duba inda kake zaune

Tambayar ta fi fitowa daga samari masu haɗa ɗaki, musamman waɗanda biki ya matso. An sayi talabijin mai faɗi, an sayi hom tiyata mai sifiku biyar da babban mai gurnani, saura abin da za a jona musu. Sai mutum ya shiga Jiji ko Jumia ya ci karo da na'urorin Blu-ray, ga Sony, ga Panasonic, ga LG da Samsung na hannu, kusan kowacce an rubuta cewa tana buɗe faifai, kuma tana da Netflix da YouTube a ciki. Sai ya ga ai riba biyu ce, abin da ya rage kawai a gaya masa wacce ta fi.

Ra'ayina shi ne, ga wanda ke zaune a Dutsin-Ma ko Kurfi ko ƙauyukan da ke kewaye irin su Tamawa, manhajojin intanet da ke cikin na'urar faifai ba su cancanci ko naira ɗaya ta ƙari ba. In za ka sayi Blu-ray, saye ta don faifai da kuma ramin filash. Kallo ta intanet kuwa a nema masa wata hanya daban.

Dalilin farko yana wajen kamfanonin da kansu. Oppo, wanda na'urorinsa suka yi suna wajen ƙwari, ya daina ƙera su a 2018. Samsung ya bi sahu a 2019. LG ya janye a ƙarshen 2024. Manyan da suka rage su ne Sony da Panasonic, kuma ko Sony ɗin, da ya sabunta samfurinsa UBP-X700 a 2025, sai ya cire manhajojin kallo ta intanet daga cikinsa. Kamfanin da ya daina ƙera abu ba zai zauna yana ɓata kuɗi wajen sabunta manhajar cikinsa ba. Wannan kuma ya taɓa faruwa: a 2015 YouTube ya daina aiki a kan wasu talabijin da na'urorin Blu-ray na Sony da Panasonic da aka ƙera a 2012 zuwa baya, masu su suka wayi gari alamar na nan a fuskar talabijin amma ba ta buɗewa. Yawancin tokumbon da ke shigowa kasuwanninmu 'yan shekara takwas ne zuwa goma sha. Ɓangaren faifan zai iya yi maka aiki shekaru, ɓangaren intanet ɗin kuwa ko dai ya riga ya mutu ko yana kan gargara. Mai shago ba zai gaya maka ba, sau da yawa shi ma bai taɓa jona ta da intanet ba.

Sai lissafin data, wanda shi ne yake karya mutane. Netflix da kansa ya faɗa cewa kallon awa ɗaya yana iya cin har gigabait 3 a matakin HD, har gigabait 7 a matakin 4K. Fim mai awa biyu ke nan gigabait 6 ko 14. Wanda zai kalli fim ɗaya kowane dare a HD yana maganar gigabait 180 ne a wata. Ka tuna kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. A wayarka kana da linzami, za ka iya rage ingancin hoto ka sauke fim da datar dare ka kalla washegari. Na'urar Blu-ray ba ta sauke komai ta ajiye. Kana jona ta da hotsfot ɗin wayarka za ta ɗauki mafi kyawun hoton da sabis ya ba ta dama, ta yi ta zuƙa har saƙon ƙarewar data ya shigo. In kuma sabis ya yi rauni, kamar yadda yake yi da magariba lokacin da kowa ya hau, hoton zai dusashe ya koma kamar na tsohon bidiyo a kan talabijin ɗin da ka kashe wa kuɗi masu yawa.

Akwai kuma abin da mutanen yankin nan suka gani da idonsu. A Satumban 2021, zamanin gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki. Aka shafe watanni babu kira babu data, mai son magana da ɗan'uwansa sai ya yi tafiya zuwa inda sabis yake. Rashin kallon fim shi ne mafi ƙanƙantar asarar da aka yi a lokacin, an yi asarar ciniki da karatu da abin da ya fi su. Amma ya nuna wane kaya ne naka, wane ne na aro. Har abin da ka sauke a cikin Netflix ko YouTube yana da wa'adi, in manhajar ta daɗe ba ta leƙa intanet ba sai ta kulle shi. Abin da ya ci gaba da aiki shi ne faifai, da filash, da memori.

To ke nan faifai ya ci? A wajen inganci, ƙwarai. Wannan ba abin musu ba ne. DVD na ɗaukar gigabait 4.7, Blu-ray na ɗaukar 25 ko 50, shi kuwa Ultra HD Blu-ray da ya fito a 2016 yana kaiwa 66 ko 100. Netflix yana neman saurin megabit 15 a daƙiƙa don ya ba ka 4K, faifan 4K kuwa yana iya zuba ninkin hakan sau huɗu ko biyar, wani lokaci fiye. Shi ya sa wurin da aka ɗauka cikin dare ko cikin hayaƙi yake fitowa tas a faifai, amma ya yi dabbare-dabbare a intanet. Sauti ma haka: faifai na ɗauke da Dolby TrueHD ko DTS-HD waɗanda matsewarsu ba ta rage ingancin sautin ba, kuma a nan ne hom tiyata na gaske yake nuna kansa. Duk wanda ya taɓa jin bambancin ya san abin da nake nufi.

Matsalar ita ce ina faifan? Kannywood ba ta taɓa shiga zamanin Blu-ray ba. Ta faro da kaset tun Turmin Danya a 1990, ta koma CD da DVD lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai ke cika da 'yan sari, daga nan sai ta tsallaka kai-tsaye zuwa waya. Izzar So da Labarina a YouTube mutane suke bin su, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a Arewa24. Fassarar Algaita a wajen masu turawa ake karɓarta, a zuba maka a memori. Idan waɗannan ne kashi tara cikin goma na abin da ake kallo a gidanku, na'urar Blu-ray za ta zama abin ɗora rimot ne kawai. Waɗannan faya-fayan da ake sayarwa a bakin tasha masu fim ashirin a ciki ɗaya, ko an buga musu tambarin Blu-ray a kwali, DVD ne. Raba gigabait 8.5 gida ashirin ka gani, kowane fim bai kai rabin gigabait ba. Babu na'urar da za ta mayar da wannan HD. Faifan asali sai dai ka yi odarsa daga Legas ko daga waje, kuma can ɗin ma kasuwarsa na tsukewa: Netflix ya rufe sashensa na aika DVD a Satumban 2023, babban shagon Best Buy na Amurka ya daina sayar da faya-fayan fim a farkon 2024.

Ga wanda duk da haka yake da hanyar samun faifai, ko yana da ɗan'uwa a Ingila ko Saudiyya mai aiko masa, ko dai shi mai son tara finafinai ne, to zaɓin ba shi da wuya sosai, amma akwai ramuka biyu da ke cin kuɗin mutane.

Na ɗaya, kullen yanki. An raba duniya gida uku a tsarin Blu-ray: Amurka na yankin A, Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya na B, Indiya da Sin da Rasha na C. Na'urar da aka kwaso daga Amurka za ta iya ƙin buɗe faifan Ingila, ta Ingila ta ƙi na Amurka. Faifan 4K shi ba a kulle shi da yanki, amma na'urar da ke buɗe shi tana nan da kullenta ga Blu-ray na yau da kullum da DVD. Masu son finafinan Indiya su lura da wannan, ko da yake da yawa daga faya-fayan Indiya a buɗe suke zuwa.

Na biyu ya fi zafi, wato wuta. Kayan Amurka an yi su ne don bolt 120, tamu kuwa 230 ce. Wasu na'urorin suna karɓar duka biyun, wasu ba sa karɓa, kuma a bayan na'urar ake rubutawa. Ka karanta da idonka kafin ka soka a soket. In ka ga 120 kaɗai, sai da taransfoma mai rage wuta, in ba haka ba jonawar farko ita ce ta ƙarshe. Kayan Ingila sun fi dacewa da mu: wuta iri ɗaya, filogi mai ƙafa uku iri ɗaya, yanki ɗaya. Kuma da irin yadda wutar KEDCO ke zuwa tana hawa tana sauka, ga janareta mai tari, kuɗin sitabilaiza yana cikin kuɗin na'urar, kada a cire shi a lissafi.

Tsakanin Sony UBP-X700 da Panasonic DP-UB820, ni Panasonic zan ɗauka in aljihu ya kai. Tana gane Dolby Vision da HDR10+ da kanta, ita kuwa Sony ba ta da HDR10+, kuma Dolby Vision ɗinta sai ka shiga saiti ka kunna ka kashe da hannu, abin da ke gundurar mutum. Panasonic ɗin tana da ramukan sauti na tsohon yayi a baya, wanda zai amfani mai amfilifaya da ba ta da HDMI. Amma duk wannan magana ce ta mai talabijin 4K babba. In taka inci 32 ce ko 43, kana kuma zaune taku huɗu ko biyar daga gare ta, da ƙyar idonka zai raba 4K da HD. Blu-ray ta yau da kullum, ta hannu mai lafiya, ta ishe ka.

Kafin ma a je nan, duba ko kana da ita a gida ba ka sani ba. PS4 na buɗe Blu-ray na yau da kullum. PS5 mai ramin faifai, da Xbox One S, da Xbox Series X, duk suna buɗe na 4K, kuma manhajojin YouTube da Netflix da ke cikinsu ana sabunta su har yanzu. Aibinsu shi ne cin wuta. Na'urar Blu-ray ba ta fi ƙwan fitila biyu ko uku na zamani ja ba, shi kuwa wasan gem yana ninka ta sau da yawa, abin da mai ƙaramar sola da batir ɗaya zai ji a jikinsa kafin tsakar dare.

Shi kallo ta intanet, ƙaramar sandar nan da ake soka wa a bayan talabijin ta fi kowace Blu-ray iya shi, irin su Fire TV Stick na Amazon ko Xiaomi TV Stick. Kuɗinta kaɗan ne in an kwatanta, wutar da take ci ba ta kai ta cajar waya mai sauri ba, kuma ranar da ta tsufa ita kaɗai za ka canza. In talabijin ɗinka mai manhajoji ce ma, ba ka buƙatar ko ita. Sai dai a guji akwatunan Android marasa suna da ake cika wa baki da 6K da 8K. Yawancinsu ba su da lasisin da Netflix ke nema, don haka hoto mai ƙaramin inganci kawai za su ba ka, kuma a Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu irinsu suna zuwa da muguwar manhaja tun daga kwali. Abu ne da za ka jona da hotsfot ɗin wayar da manhajar bankinka ke ciki.

Wanda ya fi komai aiki a ɗakin saurayin Dutsin-Ma, in za a faɗi gaskiya, shi ne ramin USB, kuma shi ne ba a tambaya a kansa. Wasu daga sababbin finafinan da ake turawa yanzu an matse su ne da tsarin HEVC, tsofaffin na'urorin Blu-ray da yawa kuwa ba su san shi ba, sai su ba ka sauti babu hoto ko su ce ba su gane fayil ɗin ba. Wasu ba sa karanta filash sai an tsara shi a FAT32, shi kuma ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. Akwai kuma wani tsaro mai suna Cinavia da aka wajabta wa na'urorin Blu-ray tun 2012, wanda ke ɗauke sautin wasu finafinan da aka kwafa bayan kamar minti 20 da farawa. Mutum sai ya zaci sifikarsa ce ta lalace.

Don haka ranar da za ka je Sabon Gari a Kano ko kasuwar Katsina, tafi da filash ɗinka mai irin finafinan da kuke kallo a gida, da faifan asali ko guda ɗaya ne na aro. A jona a gabanka, ka bari fim ya wuce minti 20, ka tura gaba ka dawo baya, ka saurara ko faifan na kakarewa. Idon da ke karanta faifai shi ne yake fara mutuwa a na'urar hannu, kuma ƙurar hunturu ba ta raga masa, saboda haka ka nemi ƙyallen rufe ta tun a ranar.