Canki-canka Ba Gyara Ba Ne

A wannan makon gareji zan kai ku, kuma na san wasu za su ji haushina, musamman masu gyaran wayarin da masu motoci. Ku yi haƙuri, abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kawuna yana da tsohuwar Land Rover, samfurin Series III mai shan fetur, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1971 da 1985. Da ita yake ɗauko hatsi daga ƙauyukan Bungudu inda ƙaramar mota ba ta shiga. Bara ta ɓullo da wani hali: tana cikin tafiya, da ta faɗa rami sai ta ɗauke wuta ɗif, a yi ta murza makulli, can kuma ta tashi kamar ba ita ba. Mai gyara na farko ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce koyil ne, aka sayo. Bayan kwana uku ta maimaita. Na biyu ya ce fulogai ne. Na uku ya canza kwantak da kwandensa, da ya ga ba ta daina ba sai ya jawo waya daga kan batir kai-tsaye zuwa koyil, ya naɗe da salatif, ya ce, "Alhaji, an gama." Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Wannan wayar ce ta kusa kashe mu. Mun wuce Kwatarkwashi muna nufin Tsafe, bayan La'asar, sai warin roba ya cika motar, hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin bonet. Wayar ta gogi ƙarfe har ta sale, ba fiyus a kanta, ta yi jajur. Allah Ya sa akwai sifana a kusa, Kawu ya cire kan batir. Duk ɗan Zamfara ya san ma'anar mota ta tsaya a wannan hanyar rana tana shirin faɗuwa. Ba wanda ya yi magana a cikinmu sai salati, har Allah Ya kawo mai babbar mota ya ja mu.

Washegari aka kai ta wurin wani dattijo a Gusau. Bai ce a sayo komai ba. Ya ɗauko ƙwan fitila na mota mai wayoyi biyu, ya maƙala ɗaya a jikin ƙarfen mota, ya ce da yaronsa ya kunna makulli. Ya taɓa ɗayar a kan koyil, ɓangaren da wuta ke shiga, ƙwai ya kama. Sai ya ce, "Yaro, sa hannu bayan makulli ka girgiza wayoyin nan." Ƙwai ya fara kyaftawa, ya mutu, ya dawo. Dattijo ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, ga ɓarawonka." Bakin waya ne guda ɗaya ya yi tsatsa ya saki. Ya kankare, ya matse, ya cire wayar salatif ya jefar. Kwata ɗaya bai cika ba. Koyil ɗinmu na asali da aka yar, lafiyarsa ƙalau.

Abin da dattijon ya yi ba sihiri ba ne. Wutar tayar da irin wannan injin hanya ɗaya take bi: daga batir mai bolt 12 zuwa makulli, daga makulli zuwa koyil, daga koyil zuwa kwantak da ke cikin distirbuta, ta koma ta jikin mota. Duk lokacin da kwantak ya buɗe, koyil ya harba wuta mai dubban bolt zuwa fulogi. To in ƙwai bai kama a mashigar koyil ba, laifin yana baya, a makulli ko a waya. In ya kama, a mayar da shi ɗaya ɓangaren a murza injin, ya kamata ya riƙa kyaftawa. In ya tsaya a kunne, kwantak ba ya rufewa ko wayarsa ta tsinke. In ya ƙi kamawa sam, wuta na zurarewa jikin mota ko koyil ya yanke a ciki. Sai in yana kyaftawa daidai ne za a koma kan rota da murfin distirbuta da wayoyin fulogi. Har launin wayoyin ma magana yake yi a motocin Ingila na wancan zamani: mai ruwan ƙasa wutar batir ce da ba ta ɗaukewa, fara tana samun wuta in an kunna makulli, fara mai ratsin baƙi tana zuwa distirbuta, baƙa kuwa ta jikin mota ce. Wanda ya yanke waɗannan ya jona da duk wayar da ya tsinta, ya goge taswirar da na bayansa zai bi.

Na san abin da za a ce mini: talauci ne, babu kayan aiki, kuma da dabara motocinmu ke rayuwa. Na yarda dabara tana da ranarta. In mota ta mutu a daji, jawo waya daga batir ka fita da ranka, ba mai zarginka. Amma abin da aka yi don a kai gida ba a barinsa ya kwana. Koyil da aka bari da wuta injin a tsaye zafi yake ɗauka, kwantak ya ƙone, batir ya zuƙe, makulli ma ba ya iya kashe motar. Batun kayan aiki kuwa, ƙwai ɗaya da waya biyu ba su kai kuɗin fulogi ɗaya ba. Abin da ya yi ƙaranci haƙurin bincike ne.

Kuma kada mu ɗora wa masu gyara laifin duka, mu masu kai mota muna da namu kason. Wanda ya canza ƙarfe muna biyansa da murna, don mun ga sabon abu da idonmu. Wanda ya gano tsatsa ya kankare, sai mu ce, "Ai ba ka yi komai ba," mu miƙa masa kuɗin ruwa. Kawuna da kansa ya fara neman ragi a wurin dattijon, sai da na ce, "Kawu, tuna nawa ka kashe a wurare uku." Mu muka koya musu cewa tunani ba shi da farashi, shi ya sa yaron da ke koyon aiki yau ba ya ganin amfanin koyonsa.

Don haka in ka kai mota aka ce maka abu kaza ne ya mutu, ka tambaya cikin ladabi, "Oga, da me ka gwada?" In ya nuna maka, ka biya shi hakkin bincikensa ba tare da ciniki ba. In ya ce ai shi da jin ƙara yake ganewa, ka yi masa godiya ka nemi wani, tun kana cikin gari da sauran rana.

Mai ja da ni, fili nasa ne, ina saurare. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya, Ya tsare matafiya.