Hawayen 'Yan Kallo Da Hurumin Gawar Ɗan Adam

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayarwa Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan wata mun ga ya dace mu yi tsokaci a kan wani wasan kwaikwayo na talabijin daga ƙasar Amurka mai suna The Walking Dead, musamman a kan halin da masu kallonsa suka nuna, domin akwai izina a cikinsa ga mai hankali. Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne, irin waɗannan finafinai sun riga sun shigo wayoyin 'ya'yanmu da ƙannenmu ta hannun masu shagunan tura finafinai, kuma iyaye da yawa ba su san abin da ake kallo a ɗakunan gidajensu ba.

Tashar AMC ce ta fara nuna wannan wasa a ranar 31 ga Oktoba, 2010, aka kammala shi a watan Nuwamba na 2022, bayan zango 11 da kashi 177. Asalinsa littafin labari ne mai zane-zane na wani marubuci mai suna Robert Kirkman. Jigon labarin shi ne wata annoba ta mamaye duniya, hukuma ta rushe, duk wanda ya mutu sai gawarsa ta miƙe ba hankali ba magana, tana yawo tana cin naman rayayyu. Irin wannan gawa ita ake kira zombi, kalmar da ta samo asali daga camfe-camfen mutanen Haiti. A ƙa'idar wasan, ba a iya tsayar da ita sai an fasa mata kai. Saboda haka da wuya mako ya wuce ba a ga ana sara ko soka ko ragargaza kawunan gawawwaki ba.

Jama'a sun karɓi wannan abu hannu bibbiyu. Kashin farko na zango na biyar, a watan Oktoba na 2014, mutum fiye da miliyan 17 ne suka kalle shi a Amurka. Shekara shida ana wannan aika-aika ga gawawwaki, akasarin masu kallo suna tafi suna neman ƙari.

Sai ranar 23 ga Oktoba, 2016, daren da aka buɗe zango na bakwai. A nan ne wani mugu a cikin labarin mai suna Negan ya ɗauki kulki naɗe da waya mai ƙaya, ya fasa kawunan mutum biyu daga cikin taurarin wasan, Abraham da Glenn. Shi Glenn tun zangon farko ake tare da shi, ga kuma matarsa da juna biyu tana kallo. Nan fa hankalin masu kallo ya tashi. Wasu suka ɗauki hoton kansu suna kuka suka watsa a intanet, wasu suka ce an wuce gona da iri, wasu suka yi rantsuwar sun bar kallo ke nan. Kimanin mutum miliyan 17 suka kalli wannan kashi, amma na mako mai bi masa bai wuce miliyan 12 da rabi ba, kuma wasan bai sake komawa matsayinsa na da ba. Da aka shirya kashe yaron nan Carl a zango na takwas, dubban mutane suka sa hannu a takardar koke suna neman a kori jagoran shirin, Scott Gimple. A shekarar 2017 kuwa, ɗan wasa Josh McDermitt ya rufe shafukansa na sada zumunta saboda barazanar kisa da ake aika masa, laifinsa kawai shi ne a cikin labarin ya koma ɓangaren Negan.

To, a nan ne muke son mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Mene ne bambancin kan Glenn da dubban kawunan da aka fasa kafinsa? Su ma a cikin labarin ai 'yan Adam ne, iyayen wasu ne, 'ya'yan wasu ne. Bambancin ɗaya ne tak: shi an san sunansa an saba da fuskarsa, su kuwa ba a san su ba. Ashe tausayin nan na sabo ne. Wanda aka sani shi ne mutum, wanda ba a sani ba kuwa gawarsa abin nishaɗi ce.

Musulunci bai gina hurumin mamaci a kan sanayya ba. Allah (SWT) Ya bayyana a cikin Suratul Isra'i, aya ta 70, cewa Ya girmama 'ya'yan Adamu, kuma wannan girma mutuwa ba ta kankare shi. A Suratul Ma'ida, aya ta 31, an ba mu labarin yadda Allah Ya aiko hankaka ya koya wa ɗan Annabi Adamu yadda zai suturta gawar ɗan'uwansa. Abu Dawuda ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana da rai. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ya miƙe tsaye da aka wuce da wata gawa, da aka ce masa ta Bayahude ce, sai ya tunatar da su cewa ai rai ce. Ko a fagen yaƙi ya hana rundunarsa yin gunduwa-gunduwa da gawar abokin gaba. Wanka da likkafani da salla da binnewa farilla ce ta kifaya, ko da mamacin baƙo ne da aka tsinta a tasha. Haka kuma aya ta 99 da ta 100 na Suratul Mu'uminuna sun yanke cewa wanda ya mutu ba ya dawowa duniya, barzahu na tsakaninsa da ita har ranar tashi, kuma tashin nan na hisabi ne.

Mun san za a ce mana ai tatsuniya ce, babu mai imani da cewa gawa na tafiya, kuma darasin wasan yana kan yadda rayayyu ke cin amanar juna idan doka ta kau. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, kuma ba mu zargi kowa da ɓacin aƙida don ya kalla ba. Har ma muna ganin kukan da aka yi wa Glenn alama ce ta cewa fiɗirar da Allah Ya halicci mutum a kanta ba ta mutu ba. Amma su kansu masu kallon sun rusa hujjar tatsuniya da hannunsu. In har ƙirƙirarren labari zai iya sa baligi kuka, ya sa wani ya yi wa ɗan wasa barazanar kisa, ta yaya za a ce ba ya barin tabo a zuciya? Abin da ke iya tausasa zuciya yana iya ƙeƙasar da ita. Yau da gobe ai ba ta bar komai ba.

Ba mu ce wannan wasa ne ya jawo halin da muke ciki ba, amma mu dubi kanmu. Yau idan aka yi haɗarin mota a kan hanya, ko 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye, kafin a sami mai tuɓe rigarsa ya rufe mamaci an sami goma masu ɗaga waya. Kafin la'asar hoton gawar Musulmi, wani lokaci tsiraicinsa a waje, ya zaga WhatsApp da Facebook, har uwa takan fara sanin rasuwar ɗanta ta wannan hanya. Mai turawa ba zai taɓa yarda a yi wa mahaifinsa haka ba. Ciwon ɗaya ne da na masu kallon can: namu shi ne mutum, na wasu kuwa abin kallo.

Saboda haka muna kira ga iyaye su san abin da ke cikin wayoyin 'ya'yansu, su zauna da su su tattauna cikin hikima, domin tsawa kaɗai ba ta gyara. Muna kira ga malaman Islamiyya su koyar da babin jana'iza a aikace, matasa su iya wanka da suturta mamaci, su riƙa raka gawa maƙabarta. Muna kira ga kowane ɗan'uwa, idan hoton gawa ya iso wayarsa, ya goge shi, ya yi wa mamacin addu'a, ya yi wa wanda ya turo nasiha. Mu tuna, wata rana mu ne za mu kwanta ba mu iya ko jan mayafi, muna jiran mai tsoron Allah ya rufa mana asiri.

Allah Ya sa mu cika da imani, Ya suturta mu a bayan ƙasa da cikinta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.