Wasiƙa Daga Huangpu: Jirgi Ɗaya, Kuɗin Tikiti Daban-daban

Ina neman afuwar masu karatu bisa shirun da kuka ji na yi. Wannan karon ba daga Ingila nake rubuto maku ba. Aikin binciken digirina na uku, wanda ya shafi safarar kaya ta ruwa zuwa Afirka ta Yamma, shi ne ya kawo ni gundumar Huangpu da ke gabashin birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda tashar jiragen ruwa take. Kullum ina yini cikin kwantenoni da takardun kwastan. To amma abin da ya tsaya mani a rai a wannan mako ba a kwantena ake ɗaukarsa ba.

Ina da ɗan 'yar uwa a Zariya, yaro ne da ke ajin ƙarshe na sakandare. Gidansu ba shi da nisa da Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama, wadda aka kafa tun 1964, saboda haka ya taso yana ganin ƙananan jiragen ɗalibai suna kewaya sararin garin. Tun yana ƙarami babu abin da yake faɗa sai shi matuƙin jirgi zai zama. Da ya ji zan zo ƙasar Sin, sai ya kira ni ya ce: "Kawu, don Allah abu biyu nake so. Sandar tuƙi irin ta kwamfuta, da kuma manhajar nan ta koyon tuƙin jirgi."

Ga wanda bai san ta ba, manhaja ce da ake sanyawa a kwamfuta, sai ta nuna maka cikin ɗakin matuƙi da duk agogunansa, ka tashi daga Kano ka sauka a Jidda kana zaune a ɗakinka. Ba ta ba mutum lasisi, kuma ba ta maye gurbin malami. Amma tana koya wa yaro karanta ma'aunin tsayi da na gudu, da bin taswira, da irin maganar da matuƙi yake yi da hasumiya. Wanda ya shiga makaranta da wannan a kansa, ba ɗaya yake da wanda bai taɓa ganin allon jirgi ba.

Sandar tuƙin ba ta ba ni wahala ba. Na hau jirgin ƙasa na cikin gari zuwa kasuwar kwamfuta ta Gangding, muka yi ciniki da mai shago ta hanyar danna lambobi a kalkuleta, na saya, na ba wani ɗan kasuwa mutumin Kano ya haɗa da kayansa. Inda gizo yake saƙar shi ne manhajar. Da na zauna da wani abokin aikina Basine a ɗakinsa, muka buɗe shagon Steam na intanet, shi a kwamfutarsa ni a tawa, sai na ga wasanni da manhajoji da yawa farashinsu a kuɗin yuwan ya yi ƙasa sosai da abin da ake nuna mani a fam na Ingila. Wannan bai dame ni ba, don albashin Ingila ya fi na Sin. Abin da ya dame ni shi ne da na ce wa yaron nan ya duba daga Zariya, sai ya turo mani hoton allonsa: dala ce zalla, kuma daidai da abin da Ba'amurke yake biya.

Bari in yi wa mai karatu bayanin yadda abin yake. Kamfanin Valve, mai shagon Steam, yana da tsarin farashin yanki-yanki. Yana karɓar kuɗin ƙasashe da dama, irin su yuwan na Sin da rufi na Indiya da rand na Afirka ta Kudu, kuma yana ba masu manhaja shawarar su sassauta farashi a inda samun mutane bai taka kara ya karya ba. Mai manhaja yana iya bin shawarar, yana iya ƙi. Akwai kuma ƙasashen da ake yi wa farashi da dala amma mai rangwame, kamar Pakistan da Bangaladash, da Masar da Maroko. Naira ba ta cikin jerin kuɗaɗen, sefa ma haka, kuma Nijeriya da Nijar ba sa cikin masu rangwamen.

Mu ɗauki misali da alƙaluma. Manhajar Microsoft Flight Simulator ta fito ranar 18 ga Agusta, 2020 a kan dala 59.99, wato mafi arahar nau'inta ke nan. Sabuwar da ta fito ranar 19 ga Nuwamba, 2024 ta kama dala 69.99. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashin gwamnatin tarayya a Amurka, wato dala 7.25 a awa, zai yi aikin awa goma ya mallake ta. A Nijeriya kuwa, a ƙarshen 2024 dala ta haura Naira 1,500, ke nan manhajar ta wuce Naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin shekarar Naira 70,000 ne a wata. Wancan aikin yini guda da 'yan awoyi, wannan aikin wata ɗaya da rabi. Ba a ma zo maganar kwamfuta mai ƙarfi ba, da wutar lantarki, da kuɗin data, ga shi sabuwar manhajar daga intanet take janyo yawancin taswirarta kana cikin tafiya.

Ra'ayina a nan shi ne, rangwamen nan ba talauci yake bi ba, ƙarfin kasuwa yake bi. Sin ta fi Nijeriya arziki nesa ba kusa ba, amma ita ake yi wa sassauci, domin tana da miliyoyin masu saye, kuma tana da hanyoyin biyan kuɗi irin su Alipay da WeChat Pay waɗanda kamfanoni suka san da zamansu. Mu kuwa ba a ƙidaya mu. Wanda ba a ƙidaya shi ba, ba a yi masa farashi, sai dai a ɗora masa na mai kuɗi. Kuma mu ma da namu laifin. A 2022 bankunan Nijeriya da dama sun rage abin da mutum zai iya kashewa a waje da katin Naira zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka dakatar gaba ɗaya. Mai son saye ta halal ya rasa ta inda zai biya, sai ya koma wajen masu kwafin sata. Kamfani ya duba littafinsa ya ga babu ciniki daga Nijeriya, ya ce ai babu kasuwa a can. Haka abin ya yi ta zagayawa.

Adalci shi ne a faɗi hujjar kamfanonin. Suna cewa duk inda suka sassauta, sai mutanen ƙasashe masu arziki su ɓoye adireshinsu na intanet su je can su saya. An daɗe ana yi wa Ajantina da Turkiyya haka. A watan Nuwamban 2023 Steam ya daina karɓar kuɗin ƙasashen biyu ya mayar da su kan dala, yana mai kafa hujja da yadda darajar kuɗinsu take hawa da sauka, kuma farashin abubuwa da yawa ya yi tsalle a can. A wani ɓangaren kuma, a watan Janairun 2021 Tarayyar Turai ta ci tarar Valve da wasu kamfanoni biyar jimillar yuro miliyan 7.8, saboda hana mutanen wata ƙasar Turai amfani da abin da aka saya da araha a wata. Wato kamfani yana tsaka mai wuya. Amma wannan hujja ba ta wanke su a kanmu ba, tunda sun riga sun samo maganin abin: ba ka sauya ƙasarka a shagon sai da katin bankin ƙasar. In ya yi aiki a Alƙahira, me zai hana ya yi a Kano?

A nan zan ja kunnen 'yan uwana ɗalibai da ke Turai da Amurka. Na san da yawa daga cikinmu muna alfahari da wayon sayen kaya da adireshin ƙasar da ba tamu ba. Abokina Basine ya ce in ina so zai saya mani da sunansa. Na yi shiru na ɗan lokaci, don gaskiya raina ya biya, amma na ce a'a. Wanda ke karɓar alawus da fam ya je ya tsaya a layin marasa ƙarfi, shi ne yake sa a rufe layin. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa, amma a wannan harka bakin wani ne yake ƙonewa.

To me na yi wa yaron? Na ce ya fara da FlightGear, manhaja ce kyauta da masu sa kai suke ginawa tun 1997, kuma da zarar ka sauke ta da taswirar yankin da kake so, tana aiki ko babu intanet. In ya nuna da gaske yake, ya iya tashi da sauka ba tare da ya kife jirgi a gonar mutane ba, zan saya masa ta kuɗin da katina na Ingila, a kan cikakken farashi. Amma yara nawa ne a Zariya da Maraɗi suke da kawu a waje?

Shawarata ita ce, masu sha'awar wannan fanni su haɗa kai su riƙa rubuta wa kamfanonin nan, suna neman a sa ƙasashenmu cikin masu rangwame. Wanda yake da hali ya saya ta halal da katin ƙasarsa, domin a ga sunan Nijeriya a littafin ciniki. Makarantu masu ɗakin kwamfuta kuma su sanya ta kyautar ko a na'ura ɗaya ce. Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano. Bai kamata a ce bayan shekara ɗari, jikokin waɗanda suka fito kallonsa sun kasa zama a kujerar matuƙi ko da ta kwamfuta ce ba.

Sai mun haɗu a wasiƙa ta gaba, inda zan ba ku labarin yadda ake auna kaya a tashar nan, in Allah Ya kai mu. Wassalam.

Naku,
daga Huangpu, Guangzhou.