Shaidar da Ba Ta Cin Hanci

Ya ku manoma da makiyaya, maza da mata, ku saurara!

A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoman Bakolori wuta, don sun nemi diyyar gonakinsu da aikin dam ya cinye. Gwamnati ta ce 'yan kaɗan ne suka mutu, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Maganar wa aka ɗauka? Ta mai bindiga. Har gobe haka abin yake a caji ofis. An rubuta a bango beli kyauta ne, amma sai ka sayar da akuya kafin ɗanka ya fito. Ka kai ƙara, a ce ina shaidarka?

To, ga shaida ta samu. Wata 'yar kyamara ce kamar tafin hannu, ana maƙala ta a ƙirjin ɗan sanda, tana ɗaukar hoto da murya. Ba ta cin hanci, ba ta tsoron mai anini. Gani ya kori ji. Ɗan sanda na kirki ma gata ce a gare shi, don ba mai iya yi masa ƙage.

Amma kada a yi muku wayo, kyamara kaɗai ba ta isa ba. A birnin Shikago na Amurka, a 2014, wani ɗan sanda ya harbi yaro baƙar fata mai shekara 17 har sau 16. Kyamarar motar 'yan sanda ta ɗauka, amma hukuma ta danne hoton fiye da shekara guda, sai da alƙali ya tilasta aka fito da shi a 2015. A 2018 kotu ta sami ɗan sandan da laifin kisa. Ashe barin hoto a hannun wanda ake ƙara, ba kura ajiyar nama ne.

Saboda haka abu uku muke so a sa a doka. Duk ɗan sandan da ke shinge ko ya fita kamu ya ɗaura kyamara. Wanda ya kashe tasa da gangan a hukunta shi. Hoton kuma ya zauna a hannun hukuma mai zaman kanta, mai ƙara da lauyansa su gani ba tare da biyan kwabo ba.

Za su ce babu kuɗi. Na jerin gwanon motocinsu daga ina suke fitowa? Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi abubuwan nan uku a gaban jama'a. In ya shiga kame-kame, kun san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ku karɓi gaisuwarsa, ku hana shi ƙuri'a!