Ba Kowane Ciwon Gaɓoɓi Ne Sanyi Ba

'Yan'uwa ɗalibai, a ganina kalmar "sanyi" tana cutar majinyata. Akwai amosanin gaɓoɓi wanda garkuwar jiki ce da kanta ke haddasa shi. Ƙwayoyinta kan aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai da ake kira saitokin. Idan ɗaya daga cikinsu, wato TNF, ya yi yawa, sai gaɓoɓi su kumbura har su lalace. Tun 1998 Amurka ta amince da maganin da ke toshe TNF, amma yakan tayar da tarin fuka da ya kwanta, shi ya sa ake gwaji kafin a fara shi. Wajibi ne mu zauna da likitoci mu samar da kalmomin bayyana wa iyayenmu wannan da Hausa, tun gaɓoɓinsu ba su sandare ba.