Raddi ga masu cewa sulhun Argungu ha'inci ne

Akwai masu cewa sahihin shugaba shi ne wanda bai taɓa sauka daga turbar kakanninsa ba, don haka Yakubu Nabame ne kaɗai ɗan halak cikin sarakunan Kabi na Argungu, waɗanda suka yi sulhu da Sakkwato kuwa sun ci amanar Kanta, wanda ya kafa daular Kabi. Har suna jingina maganar da falsafar wanzuwa. Ba ta goyi bayansu ba.

Hujjarsu ta farko ita ce jini. Amma Jean-Paul Sartre, jigo a wannan falsafa, a laccarsa ta 1945 a Paris, ya nuna cewa ba a haifar mutum da halinsa a kammale, ayyukansa ne ke ƙera shi. Kanta kansa bai gaji Kabi daga kowa ba: saɓawa ya yi da Askiya Muhammadu na Songhai kan rabon ganima wajen 1516, ya gina Surame. Nabame kuwa ya shekara da shekaru a hannun Sakkwato bayan kashe mahaifinsa Karari a 1831. Yana iya zamansa ya tsufa a can. Tawayen da ya yi wa Sakkwato a 1849 shawara ce da ya yanke, ya kuma biya da ransa.

Ta biyu, wai mai sulhu ya yaudari kansa. Yaudarar kai a littafin Sartre na 1943 ita ce mutum ya fake da muƙaminsa ya ce ba shi da zaɓi. Sarkin da zai tura talakawa fagen daga, yana cewa haka ya tarar, shi ya fi kusa da wannan aibi. Abdullahi Toga ya ƙulla sulhun Lafiyar Toga da Sakkwato a 1867, aka amince masa da 'yancin Kabi, manoman fadamar Rima suka samu sararin shuka. Haka Muhammadu Sama ya tarbi Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Babu wanda ya tilasta su.

Ta uku ta wasu ce daban, masu cewa wannan awo na marasa addini ne. Kierkegaard, wanda ake ɗauka uban falsafar, mai ibada ne. Ga kuma Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya ci Birnin Kebbi a 1805. Da ya ga son duniya ya shiga jama'a, sai ya bar rundunar jihadi ya nufi Makka. Kanawa suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda mai mulki zai riƙe jama'a, sannan ya koma bakin aikinsa.