Shawarar wata: moto na farko



Kaka ta yi. Wani ya saida wake da riɗi, wani ya saida sa, yana son moto. Madalla. Amma a yi hankali.

In ka shigo Damagaram saye, kada ka dubi fenti. Hau bisa: in ƙafafunka biyu ba su taɓa ƙasa ba, ba naka ba ne. Ƙaramin inji, 110 ko 125, ya ishi mai koyo. Zaɓi irin wanda makanikin garinku ya sani, wanda kayan gyaranshi ba su wuyar samu. In daga Nijeriya ya shigo, ta Magariya ko Matamai, nemi takardar duwan kafin ka biya. Moto maras takarda, ana iya kama shi, kuɗin kakarka su tafi.

Ka aje kuɗin kaske, hular kwano. Rawani yana tsare rana, ba ya tsare dutse.

Koyi tuƙi a fili, can bayan gari. Cikin rairayi kada ka matse birkin gaba, shi ke kada mutum. Bi a hankali, riƙe kai sosai. Ranar Lahadi, kasuwar Mirriya, gudron cike yake da amalanke da bisashe. Wannan ba ranar koyo ba ce. Kada ka ɗauki mace da goyo, ko buhun hatsi, sai hannunka ya faɗa.

Sauri ya haifi nawa. Iyali suna jiranka gida.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.